Filin da Shahrom Ya Zaɓa

Shahrom mijin 'yata Norlida ne, kuma tunda nake ban taɓa ganin mutum mai zargi irinsa ba. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce akwai abin da kake nema. In ka wuce ba ka gaishe shi ba, sai ya ce an kai maka gulmarsa. Ko madara aka ƙara masa a shayi sai ya shinshina kofin kafin ya sha. Ban da wannan hali ba ni da abin faɗa a kansa. Yana salla a kan lokaci, ba ya shan taba, kuma Allah ya yi masa baiwa a hannu. Tun rasuwar mijina shi ke yin roti, wato gurasar fulawa da ake soyawa a kasko, a rumfarmu da ke bakin kasuwar garinmu, Kuala Kangsar. In ya ɗaga kwaɓin fulawa ya kaɗa shi a iska, sai ya baje ya yi shara-shara har ka hangi fuskar mutum ta cikinsa. Mutane sukan tsallake rumfuna da yawa su zo su yi layi a tamu. Wannan hannun nasa na dama shi ke ciyar da shi, da Norlida, da 'ya'yansu, da ni kaina.

Ana nan sai ya sayi babban babur, irin mai rurin nan da ake kwanciya a kansa. Bai shawarci kowa ba. Bai daɗe da saye ba ya ce shi ma yana so ya shiga filin tsere ya gwada, kamar yadda Zamri yake yi.

Zamri babban ɗana ne, malamin makaranta, kuma ya yi shekaru yana wannan shirme. Ni ba na so, kuma ya sani. Lokacin da ya fara ɓacewa ranar Lahadi ban yarda babur yake bi ba, don namiji mai mata ba ya fita tun asuba ya dawo yana murmushi a banza. Na ɗauki lemata na ce ƙafata ƙafarsa. Ashe da gaske babur ɗin ne. Filin ƙarami ne a tsakiyar gonar kwakwar manja, a shimfiɗe yake, daga inda na zauna ina ganin kowace kwana. Gefen titin ciyawa ce mai faɗi, bayanta tsakuwa. Sababbin shiga dabam ake ware su, a sa musu 'yar riga ruwan lemo, su bi bayan mai koyarwa a jere kamar 'ya'yan agwagwa. A gabana wani ya faɗi, ya sulale cikin tsakuwa, ya tashi yana kakkaɓe wando. Wauta ce, har gobe ina kan bakana, amma wauta ce da aka yi wa tsari.

Wata rana bayan mun tashi daga rumfa, Zamri ya biyo ta gida. Muna cin shinkafa da kifi sai maganar ta taso.

Zamri ya ce, "Ka fara da filin gonar manja. Ni zan kai ka."

Shahrom ya ajiye cokali. "Wanda yara ke zagayawa da ƙananan motoci?"

"Yara da safe, manya da rana. Kwane-kwanensa ba sa buƙatar gudu, in ka kuskure akwai wurin faɗuwa. Kuma akwai mai koyarwa."

"Abang, mai filin nan ba abokinka ba ne?" in ji Shahrom. Abang shi ne yaya a yarenmu, haka kuma mace ke kiran mijinta.

"Abokina ne."

"To," in ji Shahrom. Ya dube ni, ya dubi Norlida, kamar ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

Zamri ya yi dariya. "Rom, kai ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi wanda ya haƙa rijiyar. Me zan samu in ka je can?"

"Ka sa mini rigar lemo, ka ɗauki hotona ina bin bayan wani kamar ɗan firamare, ka tura wa dangi. Kuma babur ɗina ya fi naka ƙarfi. A ƙaramin fili wa zai gane?"

"Ni ma na sa rigar nan."

"Kai ka faɗa. Ban gani ba."

Na ce su rufe mini baki su ci abinci. Suka ci gaba da ci, amma na ga idon Shahrom, na san maganar ba ta mutu ba.

Washegari ya je wurin makaniken da ke duba masa babur ya tambaye shi. Makanike ya ce filin gonar manja. Ya dawo ya gaya wa Norlida cewa Zamri ya riga shi zuwa garejin. Ya tambayi mai sayar da hular kwano a birnin Ipoh, shi ma ya faɗi haka. Ya dawo ya ce duk bakinsu ɗaya, ƙungiya ce. Duk wanda ya maimaita maganar Zamri sai ya shiga cikin maƙarƙashiyar, har da wani mai cin roti a rumfarmu da ya sa baki don Allah.

Daga nan ya koma cikin waya. A can ya haɗu da wani da ba ya amfani da sunansa na gaskiya, hoton damisa ne ma a madadin fuskarsa. Wannan ya gaya masa cewa mai babur irin nasa ɓata lokaci ne ya je ƙaramin fili, ya tafi filin kan tudu da ke kudu, inda titi ke da tsawo, ba mai sa wa mutum riga, ba mai tsare masa gaba.

Da Norlida ta gaya mini, na same shi yana mulmula kwaɓin gobe. Na ce, "Shahrom, wannan mai damisar, ka san ubansa?"

"Ban sani ba, Mak." Haka yake kirana, wato uwa.

"Ka san garinsu? Ka taɓa ganinsa a kan babur?"

"Shi ya sa na yarda da shi. Bai san ni ba, bai san Abang Zamri ba. Ba abin da zai ci a kaina."

"Ba kuma abin da zai rasa in ka karye."

Norlida tana bakin ƙofa da yarinya a kafaɗa. Ta ce, "Abang, ni ban san fili ba. Hannun nan kawai nake ji. In wani abu ya same shi, me za mu ci?"

Ya ce, "Ke ma ya yi miki magana ke nan."

Ta juya ta shige ɗaki.

Wata ranar Asabar ya ce ba za a buɗe rumfa ba, zai je Ipoh sayen fulawa. Ban yarda ba, don buhu ba ya hawa irin wannan babur. Yana fita na ce wa Norlida ta duba kabad. Rigar fatar da ya saya ba ta nan, hular kwano sabuwa ba ta nan. Na kira Zamri, muka shiga motarsa mu biyu muka bi shi.

Tafiya ce mai nisa. Da muka isa na fito na dubi filin. Titin yana hawa tudu ya ɓace, ba ka ganin inda ya nufa. Inda nake iya gani, katanga tana dab da kwalta, an jera mata tsofaffin tayoyi. Ciyawar ba ta fi faɗin tabarma ba. Na duba ko'ina ban ga rigar lemo ko ɗaya ba. Zamri ya tambaya, aka ce masa yau ranar ƙwararru ce, kowa tare yake shiga. An tambayi Shahrom a ƙofa ko ya taɓa hawa fili, ya ce ya sha hawa.

Muka same shi a layin masu shirin shiga, yana zaune a kan babur, ya ɗaga gilashin hula. Masu duba babura sun liƙe masa fitila da madubai biyu da baƙin salatif, kamar na kowa.

Da ya gan mu ya ce, "Na san za ku biyo ni."

Zamri ya ce, "Sauko mu je gida, Rom. Wannan ba wurin koyo ba ne. Bayan tudun can akwai kwana, ba a ganinta sai an hau kanta."

"Ba inda zan je. Gaya mini, me ya sa suka rufe mini madubi?"

"Na kowa a rufe yake. Duba."

"Su sun san juna. Ni ne baƙo. An rufe don kada in ga wanda zai zo mini ta baya."

Zamri ya dafa masa kafaɗa, ya yi magana a hankali kamar yana gaban ɗalibi. "Ji nan. A fili ba a kallon baya. Wanda ke bayanka shi ke da alhakin kauce maka, ya iya, aikinsa ne. Kai naka ka dubi gabanka, ka riƙe layinka, kada ka yi ta karkata. Da ka je ƙaramin fili, abin da za su fara koya maka ke nan. Yanzu dai ka jira ni a nan, zan je in yi magana da shugaban wurin."

"Je ka," in ji Shahrom.

Zamri yana juya baya aka ɗaga koriyar tuta. Layi ya motsa. Ina tsaye ina kallo Shahrom ya sa farce ya ɓare salatif ɗin madubin dama, ya cusa a safar hannunsa. Na kira sunansa, na ɗaga lema, amma ƙarar babura ta haɗiye muryata. Ya shiga.

Zagayen farko ya wuce ta gabanmu. Ko ni da ban san komai ba na ga bambanci. Sauran suna wucewa kamar an harba su, shi kuwa yana tsakiyar titi, ana zarce shi ta hagu ana zarce shi ta dama. Duk wanda ya wuce sai ya zabura ya karkata, kansa na komawa kan madubi. Zamri ya riga ya samu shugaban, na ga suna gudu wurin mai tuta don a fito da shi. Kafin su kai, Shahrom ya hau tudun ya ɓace.

Ba mu ga faɗuwarsa ba. Jajayen tutoci muka gani, babura suka rage gudu suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, motar asibiti ta fita. Na tsaya ina duban masu shigowa, nasa bai zo ba.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Hular ta tsare kansa, rigar fata ta tsare jikinsa. Amma babu ciyawar da zai sulale a kai, katanga ce ta karɓe shi, kuma hannun dama ya fara miƙawa. Wuyan hannun ya farfashe, sai da likitoci suka sa ƙarfe. Da ya farfaɗo, Norlida na kuka a gefen gado, maganarsa ta farko ita ce, "Wa ya buge ni ta baya?"

Zamri ya ce ba wanda ya buge shi. Shahrom ya ce ai dole ya faɗi haka. Duk tsawon jinyar wannan ce maganarsa. Ya gaya wa ma'aikatan asibiti, ya gaya wa 'yan dubiya, ya gaya wa liman.

Da aka kwance ɗauri ya matsa sai ya koma rumfa. Ya shafa mai a tebur, ya ɗauki curin kwaɓi, ya danna, ya ɗaga zai kaɗa. Hannun bai lanƙwasu ba. Kwaɓin ya naɗe ya faɗo dunƙule. Ya sake, ya yage. Wanda ya samu ya kai kasko ya fito da kauri kamar takalmi. Masu layi suka ci don kunya, wasu suka bar rabi a faranti. Cikin ɗan lokaci layin ya koma rumfar gaba. Likita ya ce iyakar lanƙwasar ke nan, ba za ta ƙaru ba.

Shahrom ya ce, "Wanda ya buge ni ya kashe mini sana'a, kuma kun san shi kuna ɓoyewa."

Wannan ce ta ishi Zamri. Ya yi ta cigiya har ya samo wani da ke bayan Shahrom a ranar, mai kyamara a jikin babur. Ya kawo hoton a waya, muka zauna a rumfa bayan la'asar, babu mai saye ko ɗaya. Ni ma na sa tabarau na kalla. Ga Shahrom can gaba yana hawa tudu shi kaɗai. Tsakaninsa da mai kyamarar akwai tazara mai yawa, babu kowa kusa da shi. Kansa a karkace yake, idonsa na kan madubi. Titi ya lanƙwasa hagu, shi kuwa ya tafi miƙe.

Ya karɓi wayar da hannun hagu ya sake kallo. Ya sake. Norlida ta matso kusa da shi, na ga tana sa ran wani abu. Ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya ɗago ya dubi Zamri.

Ya ce, "Abang, wannan mai kyamarar, tun yaushe kuka san juna?"

Zamri ya miƙe. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya sumbaci hannuna, ya tafi. Norlida ta tashi ta fara kife kujeru a kan tebura. Yanzu wani mutumin garin Taiping muka ɗauka yake yin rotin, bai kai rabin Shahrom ba. Shi kuwa yana zuba shayi da hannun hagu, yana satar kallon mutumin.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake, kuma ina so matasa su ji. In har ka nace sai ka hau filin tsere, to ka fara da wanda aka yi don mai koyo: ƙarami, shimfiɗaɗɗe, wanda ake ganin kwanarsa tun daga nesa, mai wurin faɗuwa a gefe, inda za a ware ka da ire-irenka a sa maka mai koyarwa. Girman babur ɗinka ba iyawarka ba ce. Sannan ka san wanda za ka yi wa zargi. Bincike abu ne mai kyau, ni ma ina yi, amma mai bincike in ya ga gaskiya yakan tsaya. Wanda ya mai da kowane masoyi abin tuhuma, ƙarshensa ya miƙa wuyansa ga baƙon da bai damu da shi ba. Ka ji maganar mutanen da za su yi jinyarka in ka faɗi, domin su ne kaɗai suke da abin rasawa tare da kai.