Gwaggo Lantana da Takardar Likitan Tsibiri

A shekarar da annoba ta rufe hanyoyi, Gwaggo Lantana ta hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri mai yawan kwakwa, inda 'yarta ta haihu. Tana sauka, jami'in tashar, Malam Tanimu, ya tare ta.

"Gwaggo, ina takardar gwaji?"

"Ga wadda aka ba ni a gida, ɗana. Lafiyata ƙalau."

"Ba ma karɓar ta waje, sai mai hatimin likitanmu."

"To, ina likitan?"

"Yana cikin gari."

"Bari in je ya duba ni."

"Ba mai shiga gari sai da takarda. Ki koma jirgi."

Gwaggo ta gyara takunkumin fuskarta, ta dubi jan layin da aka shata a ƙasa.

"Ɗana, wanda ya tsallaka wannan layin babu takarda, me ake yi masa?"

"Kama shi muke yi, mu sa shi a mota, mu kai shi wurin likita a yi masa gwajin dole."

"In ka ƙyale shi fa?"

"A bakin aikina."

Gwaggo ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa ta tsallaka.

"To, na yi laifi. Kama ni."

Sai Malam Tanimu ya kira direba.

"Ɗauko min jakar nan, ɗana," in ji Gwaggo, "mai laifin ta tsufa. A hankali, akwai yajin jego a ciki."

Gwaji ya nuna ba ta ɗauke da komai. Kafin la'asar tana goye da jikanta.