Gidan da Jaji Ya Ce a Riƙe

Akwai wani dattijo mai suna Malam Ashafa a wani ƙauye da ke cikin kwari, tsakanin Jahun da Kafin Hausa. Manomi ne na ƙwarai, hannunsa a sake, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne: alfahari da kakan babansa, wani mutum da ake kira Jaji.

Ko aron fartanya ka je yi zaurensa, sai ka sha labarin yaƙin Haɗejiya. Zai faɗa maka yadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato, suka aiko a miƙa wuya a riƙa ba su haraji, mutanen Haɗejiya suka ce ba su san zancen ba. Jaji ya ajiye fartanya, ya rataya kwari da baka, ya tafi. Turawa suka zo da igwa da bindiga mai ruwa. Kafin rana ta faɗi an ci garin, sarki ya rasu, maza sun zube lungu-lungu, har da Jaji.

"Kun san maganarsa ta ƙarshe?" in ji Malam Ashafa, yana dukan bangon zaure da tafin hannu. "Yana kwance cikin jini ya ce a riƙe gida. To ga gidan nan, mun riƙe."

Saboda wannan wasiyya, duk jinin Jaji a gidan ake haihuwarsa, a binne mabiyiyarsa a bayan ɗaki. Ba a taɓa saɓawa ba.

Katanga ɗaya ce ta raba shi da maƙwabcinsa, Malam Talha. Shi ma kakan babansa ya je yaƙin, amma ya dawo da ransa, sai gari ya laƙaba masa Gudau. Malam Ashafa bai bar sunan nan ya mutu ba. A masallaci, a wurin suna, ko'ina suka haɗu sai ya ce, "Jikan Gudau, yau ina aka nufa?" Malam Talha sai dai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ba mu alheri." Wallahi ni da nake ba ku labarin nan, ba zan iya wannan haƙurin ba.

Malam Ashafa ɗa namiji ɗaya gare shi, Izzuddeen, mai gyaran waya a Dutse. Yana haya a unguwar Takur da matarsa Safina. Sun daɗe suna neman haihuwa kafin Allah ya ba ta ciki. Da cikin ya tsufa, aka gaya mata a wurin awo cewa ɗan a gicciye yake, kada ta yi nisa da asibiti.

Izzuddeen ya je ƙauye, ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, a yi haƙuri a bar ta ta haihu a Dutse. Likita ta ce akwai hatsari."

"Likitar ce ta haife ka? Uwarka a ɗakin can ta sauka, lafiya ƙalau. In ka bari aka haifi jikan Jaji a gidan haya, ban yafe maka ba."

Jama'a, kun san nauyin wannan kalma a bakin uba. Izzuddeen ya rasa gaba ya rasa baya. Ya bi uba, ya jefa matarsa cikin hatsari. Ya bi likita, ya ɗauki fushin mahaifi. Safina ce ta ce masa, "Ka kai ni kawai. Allah yana ko'ina." Ya kai ta ana tsakiyar marka, ya koma bakin aikinsa zuciyarsa ba daɗi.

Ruwa ya yi ta sauka ba ƙaƙƙautawa, kogi ya cika ya tumbatsa. Mai unguwa ya sa aka yi shela kowa ya tashi ya koma tudu. Malam Talha ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya ɗora iyalinsa, ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa.

"Malam Ashafa, ko kai ba za ka tashi ba, ba ni yarinyar nan ta hau tare da iyalina."

Malam Ashafa ya ƙyalƙyale da dariya. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Ku yi gaba, gadonku ne. Mu igwa ba ta kore mu ba, balle ruwa."

Gari ya watse. Ya rage daga shi sai matarsa Inna Ikilima sai Safina.

Ruwa ya shanye hanya, ya shanye gonaki, ya shigo tsakar gida har gwiwa. Izzuddeen ya taho a kan babur, ya iske inda hanyar ƙauyensu take ya zama tafki, ko ƙarshensa ba a hangowa. Nan ya tsaya bakin kwalta yana ta kiran waya, ba ta shiga.

Da hantsi naƙuda ta kama Safina. An ɗora gadonta a kan turame, ruwa na gudu a ƙarƙashinta. Tana cije leɓe don kada surukinta ya ji kukanta. Shi kuwa yana can yana jera buhunan ƙasa a gindin zaure. Har azahar shiru. Inna Ikilima ta fito ta same shi.

"Malam, wannan haihuwar ba ta gida ba ce. Ta fi ƙarfina. Yarinyar mutane za ta mutu a hannunmu."

Malam Ashafa ya dubi gabas, ruwa. Ya dubi yamma, ruwa. A ranar ya san tsoro.

Can sai ga kwalekwale ya kunno kai ta tsakanin rumbuna. Malam Talha ne, ya roƙi masunta suka ba shi aro, ya dawo. Amma ku ji ƙarfin hali irin na ɗan Adam: Malam Ashafa ya tare ƙofa.

"Ta kusa sauka. A nan za a haife shi. Jaji ya ce a riƙe gida."

Malam Talha ya kafe sandar tuƙi a ƙasa. Karo na farko a rayuwarsa ya ɗaga wa maƙwabcinsa murya.

"Malam Ashafa, Jaji a Haɗejiya ya mutu. Wa ya kawo muku maganar tasa? Tsuntsu?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Kakan babana ne ya kawo ta. Jaji ne ya riƙe masa riga ya ce ya koma, don ya bar mace da tsohon ciki. A lokacin ina zaure? Bukka biyu ce da dangar kara. Gidan da ya ce a riƙe, matar nan ce da abin da ke cikinta, wanda ya zama kakanka. Mun san haka tun muna yara. An hana mu faɗa ne don kada ya zama gori. Matsa ka ba ni hanya!"

Malam Ashafa ya matsa. Su biyu suka ɗauko Safina a cikin tabarma suka sa a kwalekwale. Malam Talha ya yi ta tuƙi har hannunsa ya yi kanta. A bakin kwalta Izzuddeen ya tari mota, suka nufi asibitin Jahun.

Nan take aka shiga da ita tiyata. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Jaririn kuwa, namiji ne, an ciro shi ba rai. Ya gaji tun a hanya. A Jahun aka binne shi, don maƙabartar ƙauyen tana ƙarƙashin ruwa.

Izzuddeen ya wuce mahaifinsa ya koma wurin matarsa. Da ya yi faɗa ma da ya fi wa dattijon sauƙi.

Ruwa ya janye. Gidaje da yawa sun rushe, amma na Malam Ashafa ko tsagewa bai yi ba. Ya dawo asibiti ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, kunya ta hana shi shiga. Safina ta hango shi. Ta yunƙura da ƙyar, ta gyara mayafinta.

"Baba, sannu da ɗawainiya. Ya aka ji da ruwa? Allah ya sa dai gidan bai faɗi ba."

Malam Ashafa ya sulale ƙasa a gaban mutane, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Bai faɗi ba, 'yata. Da ma shi ne ya faɗi."

Darasi: Gida mutane ne, ba bango ba. Magabatanmu sun ba da ransu ne don na baya su rayu, ba don mu riƙa yi wa juna gori da sunansu ba. Kada alfahari da asali ya sa ka salwantar da wanda ke hannunka, kuma kada ka raina maƙwabci kan labarin da rabinsa kawai ka sani. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu mai ciki a gida: in an ce asibiti, a tafi da wuri.