Kwaɗo da Kuɗin Awo

Ga ta nan tafe da kaya niƙi-niƙi, ku matsa mata ta sauke.

Wata shekara rani ya yi tsawo, tabkin Kwaɗo ya ƙafe har ƙasa ta tsattsage. Ƙwaro ya yi wuyar gani. Kwaɗo ya rame, fatar cikinsa ta saki, in ya yi tsalle sai ta riga shi sauka. Bakinsa ne kawai bai rame ba. Kullum yana bisa busasshiyar laka yana yi wa kansa kirari: "Ni ne Na-Laka, gajere mai dogon tunani. Allah bai ba ni wuya ba don kada a shaƙe ni, bai ba ni wutsiya ba don kada a kama ni." In ya gama sai cikinsa ya amsa masa da ƙugi, don shi kaɗai ne mai sauraronsa.

Rannan Balbela ta sauka neman ruwa, ba ta samu ba, ta tsaya hira. Ta ce masa a Birnin Fadama za a yi gasar ƙwallo, kuma filin wasan can yana da wasu manyan fitilu da in an kunna su shinge da fara ke zubowa ƙasa tuli. Kwaɗin garin, in ji ta, ko harshe ba sa miƙawa, baki kawai suke buɗewa. Kwaɗo ya haɗiye yawu ya tambayi hanya. Ta dube shi sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba, ta ce da wannan tsallen nasa jikokinsa ne za su isa, sai dai jirgin sama. Tun daga ranar ba abin da yake gani in ya rufe ido sai fitilun nan, ya kama hanyar filin jirgi ba ko anini a jikinsa.

Ni dai da nake ba ku labarin nan ban taɓa shiga jirgi ba, iyakata rakiya. Amma rakiya ma makaranta ce, kuma na san halinmu. Mu fa ba ma tafiya da jaka ɗaya. Sai mun ɗaure daddawa da kuka da yaji, mun cusa saƙon maƙwabta, mun hau kan jakar gana-mas-go mun danne ta da gwiwa, sannan mu je gaban sikeli muna mamaki kamar wani ne ya zuba mana kayan. To 'yan ƙwallon Dawa, masu shirin zuwa gasar nan, su ma halinmu ne da su.

Kwaɗo ya tarar da su sun yi cirko-cirko, sun zo tun ana gobe tafiya. Kyaftin ɗinsu Toron Giwa ne, shi ne mai tsaron baya, shi ne kuma mai riƙe da jakar kuɗi, marowaci na bugawa a jarida. Kura ce gola, don ba abin da ke shiga hannunta ya fita. Raƙumin Dawa ke buga musu da ka. Mai awon kaya kuwa Jimina ce. Ga ta tsuntsuwa, ga fuka-fukai, amma ba ta taɓa tashi ba, saboda haka duk wanda ya zo zai tashi haushinsa take ji. Ita ta shaida musu cewa kowane fasinja jaka ɗaya aka yafe masa, kayan wasa kuwa kuɗinsu daban: raguna, riguna, takalma, sandunan tuta, kowanne sai an biya masa awo. Da Toro ya ji abin da za su biya sai kunnuwansa suka faɗi. Ya ce ai su ba sayen jirgin suka zo yi ba, ta ce ya ba na bayansa wuri.

Kwaɗo bai damu da damuwarsu ba. Abin da ya jawo shi ƙamshi ne, don a cikin kayansu akwai ƙullin soyayyar fara da magoya baya suka haɗa musu guzuri. Ya gyara murya ya yi sallama, Toro ya yi ta waige-waige kafin ya gano shi kusa da farcensa.

"Ranka ya daɗe, Kyaftin," in ji Kwaɗo, "ni ɗan gida ne a nan. Na san jirgi tun yana ƙwai. Mai biyan kuɗin awo wawa ne, ka riƙe wannan ko bayan raina."

Maganar nan ta yi wa Toro daɗi har cikin haure. Kwaɗo ya bayyana musu cewa jaka ake aunawa, ba a auna mutum, don haka duk abin da ke jikin fasinja ya zama fasinja. Gobe kowa ya sa kayan wasan a jikinsa. Sannan ya shinshina ƙullin fara, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce wannan shi ne babban nauyin da zai karya su, amma shi zai rage musu shi fi sabilillahi. Kura ta so ta yi gardama, Toro ya ce ta yi shiru, masana na magana. Kwaɗo ya ja ƙullin zuwa bayan kwandon shara. Abin nema ya samu, ya rage musu nauyin nan tas, har da lashe takardar.

Da gari ya waye, sai ga 'yan ƙwallon Dawa sun shigo layi, kowa ya yi biyun kansa. Toro ya jibga rigunan ƙungiya gaba ɗaya, wata kan wata, har hannuwansa ba sa sauka. Kura ta yi lulluɓi da ragar gola, wai sabon yayi ne. Raƙumin Dawa ya rataya takalma a wuya tun daga sama har ƙasa, ya dogara sandar tuta yana ɗingishi, wai targaɗe ya yi. Jimina ta zura dogon wuyanta ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta san ƙarya ce, su ma sun san ta sani, amma ba dokar da ta hana mutum jin sanyi a tsakiyar bazara.

Saura akwatin Kura, wanda ta cika da ƙasusuwa ta ce kayan motsa jiki ne. Kwaɗo ya ce a bar masa wannan. Ya sulale ƙarƙashin farantin sikeli, ya ja iska, ya kumbura, ya tokare farantin da gadon bayansa. Aka aza akwatin. Idanunsa suka firfito, ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa, amma ya cije. Allurar sikeli ta ɗan motsa ta tsaya. Jimina ta ƙwanƙwasa sikelin da baki, ta sake dubawa, ta ja tsaki ta ce a wuce da shi.

Kwaɗo ya fito yana jan ƙafa, bayansa ya lotsa, bakinsa na nan daram. "Kun ga aikin maza," in ji shi. "Ni ne tsaurin da ba ƙashi, ɗan ƙaramin da ya ɗauki kayan Kura bai ce wash ba." Wash ɗin kam ya faɗa, a ƙarƙashin sikeli, ba wanda ya ji. Sai ya matsa kusa da Toro ya rage murya, ya ce shi ba ya neman lada, tikiti ɗaya kawai za a yankar masa, ko a ƙarƙashin kujera zai zauna. Toro ya yi dariya har rigunan suka girgiza. Ya ce, "Malam Kwaɗo, ai irin alherinka Allah ne kaɗai zai iya biya. Allah ya saka." Ya juya masa baya, kuma bayan giwa ba ƙaramin bango ba ne.

Abin ya yi wa Kwaɗo ciwo ƙwarai, don bai saba a yi masa irin abin da yake yi wa mutane ba. Ana cikin haka lasifika ta yi kaki ta ce jirgi ba zai tashi yau ba, saboda dalilan da suka fi ƙarfin kamfani, a yi haƙuri sai gobe. Haƙuri kuwa shi ne kayan da ba a taɓa cajin mu awonsa ba. Jimina ta rufe teburin awo ta tafi, aka bar ragar ƙwallaye ita kaɗai ba a auna ba. 'Yan wasa suka zube a kan benci suna ta zufa, ba mai ikon cire ko riga ɗaya, kada a ce ta koma kaya.

Kwaɗo ya zauna yana kallon ragar nan. Ya dubi ƙwallo, ya dubi cikinsa. Duk rayuwarsa ana yi masa gorin ba wuya ba ƙugu, yau ga ranarsu ta zo. Ya san Toro na ƙirga kayansa ko cikin barci, don haka ya zare ƙwallo ɗaya ya gangara da ita kwata. Ya samo farar ƙasa ya shafe jikinsa, ya ɗiɗɗiga gawayi, ya shige raga, ya naɗe ƙafafu, ya rufe ido, ya ja iska har ya zama mulmulalle. Kada wani ya tambaye ni ko kwaɗo na kai girman ƙwallo. Wanda ya cinye guzurin ƙungiya guda yana kaiwa.

Da gari ya waye, aka ce yau kam da gaske ne. Toro ya saɓa raga ya dire gaban Jimina. Kwaɗo na ciki yana jin ƙugin jirgi a waje, ransa fari ƙal, har ya fara tunanin ko da shinge zai buɗe baki ko da fara.

Sai ya ji Jimina na cewa ƙwallo ba ta shiga jirgi da iska a cikinta. A sace iskar a ninke su cikin jaka, su wuce kyauta. Wadda aka bari a kumbure kuwa babban kaya ce, akwatinta daban, kuɗinta daban. Toro ko tunani bai yi ba, ya ce a sace. Ta ciro allurar fam. Kwaɗo ya ji ta farko ta yi tsiii ta kwanta, ta biyu ma haka. Wannan dokar bai san da ita ba, shi da ya san jirgi tun yana ƙwai.

Aka zo kansa. Jimina ta ɗaga shi tana jujjuyawa, tana neman 'yar kafar da ake zura allura. Ta duba nan, ta duba can, gashin fuka-fukinta na yi masa cakulkuli, shi kuwa ya datse baki, iska na neman fasa masa kunne. Ta gwada tsira allurar a wani wuri da ba zan faɗa ba saboda yara. Hawaye ya cika masa ido, bai motsa ba. Ya auna zaɓinsa: in ya yi magana, ga bakin Jimina da ba ya tambayar sunan abu kafin ya haɗiye, ga kuma Kura da ta kwana tana zancen fararta. In ya yi shiru, wataƙila Toro ya biya. A ransa ya shiga roƙon Allah ya sa wa marowaci kyauta, yau ɗaya tak.

Jimina ta dangwarar da shi a kan teburin awo. "Yallaɓai, wannan ba ta da baki. Ko ka biya mata, ko ka bar ta."

Toro ya tambayi nawa ne, ta faɗa. Ya shafa jakar kuɗi, har Kwaɗo ya fara sa rai. Sai ya ce, "Hajiya, wani masani ya gaya mini mai biyan kuɗin awo wawa ne. Ba za ta je ba." Ya ce kuma tunda asararta za su yi, ba zai bar wa ma'aikatan filin jirgi ita su more ba, gara ya ɗan miƙe ƙafa da ita. Ya fita da ita bakin ƙofa ya ajiye a ƙasa, ya ja da baya, rigunan nan na reto.

Jama'a, bugun mai tsaron baya ba neman raga yake yi ba, nesa kawai yake nema. Tim! Kwaɗo ya yi sama. Iskar da ya riƙe tun jiya ta fita gaba ɗaya da wata irin ƙara, ƙafafu huɗu suka warware, farar ƙasa ta watse. Kowa ya ɗaga kai ya ga ƙwallo da cinyoyi tana salati. Raƙumin Dawa, da ya fi kowa kusa da sama, ya manta da targaɗensa ya ce wallahi masanin nan ne. Kura ta yar da lulluɓi ta zuba da gudu, Toro ya koma ƙirga ƙwallaye.

Kwaɗo ya haye kan jirgin da ke jiran fasinja, ya haye shingen waya, har ya hango tabkinsa can a bushe, sannan ya dawo ƙasa ya faɗa cikin sarƙaƙiya. Bai tsaya duba abin da ya karye ba, don yana jin haki a bayansa. Ya ja jiki da ƙafa uku ya faɗa wani ramin gafiya, Kura ta iso ta yi ta tono har aka kira fasinja ta koma tana zage-zage.

Yana kwance a ramin, ido ɗaya a kumbure, ya ji jirgi ya yi ƙugi ya bi ta kansa ya nufi Birnin Fadama da fitilunsa. Yunwa ta dawo masa sabuwa. Ya leƙo da ƙyar, ya ga wata tururuwa na wucewa, ko ƙarfin miƙa mata harshe ba shi da shi, sai ya tsayar da ita ta zama shaida.

"Ki gaya wa duniya," in ji shi, "su duk sai da suka yanki tikiti. Ni na riga su tashi, na riga su sauka, kuma ko anini ban biya ba."

Ƙurunƙus. Kan kusu ya huta yau, na Kwaɗo ne ya kumbura.