Kura da Murhun Jikinta

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wata rana Dila, malamin daji, ya tara dabbobi yana koya musu cewa jikin kowa da ƙwayoyin halitta aka gina shi, kamar ƙananan gidaje. Ya ce kowane gida da katangarsa mai tace masu shiga, da fada a tsakiya inda umarni ke fitowa, da murhu mai ba da ƙarfi, da 'yan shara masu cinye tarkace.

Kura ba ta ji komai ba sai murhu. Ta ce, "Allah gafarta Malam, murhu nawa ne a jikina?"

Ya ce, "Ba sa ƙirguwa."

Ta ce, "Ashe wahalar banza nake sha a farauta, ga girki a gida."

Sai ta shimfiɗa tabarma, ta wanke hannu, ta zauna jiran a kawo mata tuwo. Kwana bakwai ko ƙamshi babu. Ta rame har haƙarƙarinta ya fito, ta ja jiki zuwa wajen Dila.

Ya ce, "Kura, abin da kika ci shi ne itacen murhun. Da kika hana murhun itace, sai 'yan shara suka fara ɓalle kayan gidan suna tura wa wuta."

Kura ta shafa cinyarta, ta fashe da kuka. Ta ce, "Wato kwana bakwai ana cin nama a jikina, ba wanda ya ce mini bismilla?"

Ƙurunƙus kan Kura mai jiran tuwo.