Bawul ɗin Tagulla a Tankin Murjani

Akwai wani mai aikin famfo a Lafiya ana ce masa Ɗanliti. Sunan unguwarsu ya kwanta mini, amma tana kan hanyar Shabu. Ya tsufa a cikin sana'ar, kuma ba mai musun iyawarsa. Abu ɗaya ne ba ya ƙauna: kayan roba. A ganinsa, wanda ya sa wa mutum bawul na roba, wato mabuɗin ruwan bututu, ya raina shi.

'Yarsa Mutmainna ta yi aure a Legas. Mijinta Ameer yana kiwon murjani a falo, cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Ba murjanin wuya nake nufi ba. Halittar teku ce mai rai, ka gan ta kamar fure alhali dabba ce, ikon Allah. Da Ameer ya rasu, ta gama takaba, ba ta waiwayi kujeru ko mota ba. Murjanin ta lallaɓo cikin kuloli har Lafiya, ta kira mahaifinta ya haɗa mata ruwa.

"Baba, tanki biyu ne," in ji ta. "Ruwa zai malalo daga na sama zuwa na ƙasa a tace shi, inji ya sake tura shi sama. In ya tsaya, sun shaƙe."

Ɗanliti ya duba, ya ce, "In an ɗauke wuta fa? Duk ruwan bututu ƙasa zai dawo. Sai mu bar wa na ƙasan sarari, in ba haka ba falonki ya zama rafi ki koma kamun kifi."

Ta yi dariya. Rabon da ya ji dariyarta tun kafin rasuwar.

"Amma Baba, roba kawai. Ameer ya ce tagulla guba ce gare su, gishiri yana cin ta ya zuba musu."

"To, injiniya. Ni da na ja wa rabin garin nan ruwa."

A kasuwa ya ɗaga bawul na roba, ya ji shi sakayau kamar abin wasan yara. Zuciyarsa ta ƙi. 'Yar Ɗanliti guda, ga rashin miji, a sa mata wannan? Yana da wani na tagulla mai nauyi da ya daɗe yana ɓoyo. Mutane ma daga tagulla suke sha ba su mutu ba, balle abin da ya yi kama da dutse. Ya ɗaura shi ta bayan kabad, inda ido ba ya kaiwa.

Aikin ya yi kyau, wannan kam gaskiya ne. Ruwa na gudu ba ƙara, murjani na rausaya.

Bayan 'yan makonni, dodon koɗin da ke cikin tankin suna lasar gilashi su suka fara faɗowa. Sai murjanin suka tsuke, launinsu ya soma kwaranyewa. Mutmainna ta sauya ruwa, ta aika Abuja aka kawo sabon gishiri, ta rage hasken fitilar tankin, ta ƙara. Ta rame.

Wata rana da hantsi ya same ta durƙushe gaban tankin.

"Baba, ko wannan na kasa riƙe wa Ameer."

Sifana na cikin jakarsa. Cire bawul ɗin ba zai kai tsawon shan shayi ba, kuma a lokacin akwai sauran masu rai. Sai dai in ya janye kabad ɗin, dole ta gani. Ya dubi jakar, ya dube ta.

"Ƙila iskar Lafiya ce ba ta karɓe su ba," in ji shi. "Ki yi haƙuri."

Murjanin ƙarshe ya yi fari fat kamar ƙashi. Ranar da ta kwashe ruwan don ta rufe tankin, ta janye kabad, ta ga bawul ya yi kore shar. Ta sami mahaifinta a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba.

"Baba, ranar da na ce na kasa, ka sani?"

Bai ɗaga kai ba.

"To. Allah ya huta gajiya."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Tana zuwa gaisuwa, tana aiko da abinci ran Juma'a. Har ya fara cewa a ransa abin ya wuce.

Bayan damina, Torkuma, wani mai aikin famfo na layinsu, ya tsaya da babur a ƙofarsa.

"Oga, ara mini babbar sifana. Famfon kicin ɗin 'yarka ne ya fashe, ta kira ni." Ya yi dariya. "Ko ka yi ritaya ne ba mu ji ba?"

Ɗanliti ya shiga ɗaki, ya ɗauko sifanar, ya miƙa masa.

Darasi: Iya aiki ba ya hana ka sauraron mai abu, ko da ɗan cikinka ne. In kuwa ka yi kuskure, faɗe shi tun ana iya gyara. Ɓarnar da shiru ke yi ta fi ta kuskuren. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai abin faɗa da yake ta jinkiri.