Gidan da Manasseh Ya Sayar a Mayo Gwoi

Akwai wani dillalin gidaje a Jalingo mai suna Manasseh. Bakinsa zaƙi gare shi. In ya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa sai ya ɗauka nasa ne shi kaɗai.

Wata rana cikin rani, Alhaji Aƙilu ya kira shi kan wani gidansa da ke Mayo Gwoi, dab da rafi. Duk watan Agusta ruwa yana shiga gidan har taga. Alhaji ya sa an shafe alamar ruwan da sabon fenti, ya ce, "Ka sayar mini kafin damina. Maganar ruwa kuma, ba ruwanka."

Ba a yi sati biyu ba sai ga wani dattijo, Malam Elijah, ya zo daga Wukari yana neman gidan da zai saya wa ɗan ƙanwarsa. Ya zaga ɗakunan, ya leƙa bayan katanga, ya hango rafin a bushe, sai yashi kawai.

Ya ce, "Ni baƙo ne a garin nan, kai ne idona. Ruwa yana shigowa nan?"

Manasseh ya yi dariya ya ce, "Haba Baba! Dubi bango mana."

Aka yi ciniki, aka sa hannu.

A watan Afrilu aka ɗaura auren 'yar Manasseh tilo, Rejoice, da wani malamin makaranta mai suna Philemon. Bayan an tashi daga coci sai dangin ango suka ce akwai albishir: kawun ango ya ba su kyautar gida. Manasseh ya bi ayarin motoci yana ta murna, har suka tsaya a ƙofar gidan nan mai sabon fenti. Ga Malam Elijah a tsaye, riƙe da makulli.

Jama'a, ashe Philemon ne ɗan ƙanwar da aka saya wa gidan.

Sau uku yana zuwa da niyyar faɗa musu gaskiya, sau uku kunyar surukai tana rufe masa baki. Sai ya koma dabara.

"Rejoice, ku zo ku yi damina a gidana na Sintali mana."

"Baba, muna da gidanmu, me za mu zo yi?"

Tun daga nan ya daina sakewa. Ko hadari ya gani ya haɗu ta gabas, sai ya ture abinci ya fita yana kallon sama. Ga shi Rejoice ta samu ciki.

Wata Asabar a Agusta aka tashi da ruwa tun safe, bai tsagaita ba har azahar. Wayar Rejoice ba ta shiga. Mai keke napep ɗin da ya ɗauko shi ya ƙi gangarawa unguwar, Manasseh ya sauka ya kutsa da ƙafa, ruwa har ƙugu.

Ya tarar Philemon da maƙwabta sun ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa, tana ta karkarwa, kayan aurenta kuwa suna yawo a tsakar gida. Ta tsira.

Wata maƙwabciya mai suna Uwani ta dube shi da kyau ta ce, "Ah, ba kai ne dillalin ba? Bara ma ka zo ka ga ruwan nan da idonka!"

Rejoice ta ɗago kai a hankali.

"Baba, ka sani?"



Darasi: In an ba ka amana tsakanin mai saye da mai sayarwa, faɗi aibin kaya ko da cinikin zai watse, domin ba ka san wanda zai kwana a ciki ba. Ku tura wa duk dillalin da kuka sani, da duk mai shirin sayen gida a lokacin rani.