Takalmin Nomau a Ƙofar Mashaya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Nomau ake ce masa. Wankin hula yake yi a gefen masallaci. Ba shi da gona, ba shi da sarauta, abin da ya mallaka a duniya kyan suna ne kawai. Giya kuwa ko a harshe bai taɓa ɗanɗanawa ba.

A garin akwai wani magini, Jatau, wanda giya ta gama da shi. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, hannunsa ya kama rawa har ba ya iya daidaita tubali. Sai ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai wasu tsofaffin mashaya da ke taruwa a wani zaure duk ranar Alhamis, suna faɗa wa juna gaskiya, suna riƙe juna kada wani ya koma. Amma bai san inda zauren yake ba.

To, ku saurara ku ji halin mutane. Ran nan bayan la'asar Jatau ya cije, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Don Allah, wa ya san inda masu barin giyar nan ke haɗuwa?" Wani ya toshe hanci. Wani ya ce, "Mu, ka ga mun yi maka kama da masu sanin gidan mashaya?" Aka kwashe da dariya. Yanzun nan fa suka sallame salla, jama'a, goshinsu da ƙasa!

Nomau ya ajiye hular da ke hannunsa ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma ban sani ba, amma zan tambayo maka."

Ya shiga unguwa-unguwa yana tambaya, har ya gano zauren a bayan majema, gidan wani tsoho. Sai dai kash, hanyar ta gaban gidan giya ta bi. Jatau ya tafi shi kaɗai, bai kai ba. Warin ya ja shi ciki. Washegari ya zo yana kuka, ya ce, "Malam Nomau, ƙafata ba tawa ba ce a wurin nan."

Nomau ya ce, "To, sai mu tafi da tawa."

Ya riƙe hannunsa suka wuce gidan giyar, suka kai. Jatau ya toge a ƙofa, kunya ta hana shi shiga. Nomau ya tuɓe takalminsa ya yi sallama, ya shiga gaba, ya zauna cikinsu kamar ɗayansu. Haka kowace Alhamis.

Kun san mu dai, ba ma tambaya, takalmi muke karantawa. Ka wuce ƙofar zaure, ka dubi ƙasa, ka san wa ke ciki. Takalmin Nomau kuwa kowa ya san shi, yana da wani facin jar fata. Aka gan shi cikin takalman mashaya. Shi ke nan. "Ashe Nomau na ƙasa-ƙasa ne! Ashe shi ya sa yake ta cigiyar wurin!" Aka daina kawo masa hula, wai kada a yi salla da abin da mashayi ya taɓa. In ya shiga sahu, na kusa da shi ya matsa.

Jatau ya ce, "Malam, ka rantse musu mana cewa ba ka sha. Ko kuma ka daina raka ni."

Nomau ya ce, "In na tsaya a kasuwa na ce ni ba irinku ba ne, da wane ido zan dube ku ranar Alhamis? Rakiya kuwa, ran da ka iya wuce gidan giyar nan kai kaɗai, na daina."

Jatau ya bar giya, hannunsa ya tsaya, iyalinsa suka dawo. Nomau kuwa sunansa bai dawo ba. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu cikin talauci. Waɗanda ya yi shekara da shekaru yana wanke wa hula suka maƙale a gida, sai mutanen zauren nan suka yi masa sutura. A bakin kabari Jatau ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi mutumin nan bai taɓa sha ba, ni yake rakawa!" Wani da ke tsaye nesa ya ce, "Mashayi ke shaidar mashayi." Abin nan har yau in na tuna shi, raina ɓaci yake yi.

Daga maƙabarta Jatau ya bi ta gaban gidan giya shi kaɗai, yana hawaye, bai waiga ba.

Ga darasin, jama'a, ba ɓoye-ɓoye. Wanda ya riƙe hannun mai neman tuba ya fi wanda ya tsare tsarkin rigarsa. Irin zaurukan nan suna nan a garinmu yau, kuma akwai mai nemansu a cikin danginka, wataƙila ma a sahun da kake zaune. In ya tambaye ka, kada ka yi dariya. In ba ka sani ba, tambayo masa. In ba zai iya zuwa ba, tashi ka raka shi, a faɗi abin da za a faɗa. In kuma ba za ka iya ba, to ka ji tsoron Allah, ka kama bakinka daga wanda ya iya.